Tafiya Neman Lafiya da Matsayinta Cikin Arzikin Ƙasa: Misali Daga Birnin Kudu da Gwaram

1. Gabatarwa

A cikin ƙasashen duniya akwai waɗanda su ke lissafa baƙi marasa lafiya cikin hanyoyin samun kuɗinsu, kamar yadda a da a ke lissafa gyaɗa da auduga da fatu a Arewacin Nijeriya. Mutum ya kan bar ƙasarsa ya tafi wata don a yi masa aiki a asibiti, ko kuwa don ya yi wanka a wani marmaro mai zafi ya huta, abin da ya kashe can kuwa ya zama riba ga mutanen can. An daɗe ana kukan cewa Nijeriya tana cikin masu biya ne a wannan ciniki, kuma a kan ji gwamnatoci suna alkawarin gina asibiti ko gyara wani wuri don su jawo irin waɗannan baƙi.

Wannan takarda za ta duba maganar daga ƙananan hukumomi biyu na kudancin Jihar Jigawa, watau Birnin Kudu da Gwaram, inda tafiya neman lafiya ta ke abin yau da kullum. Abin da za a nuna shi ne kuɗin da mara lafiya ya ke kashewa a tafiyarsa iri uku ne, kuma ba kowane iri ke ƙara wa ƙasa arziki ba. Wanda bai rarrabe su ba ya kan ɗauki hasarar manomi ya rubuta ta a shafin riba.

2. Sunan abin a Hausa

Turawa suna haɗa wannan tafiya da sauran tafiye-tafiyen nishaɗi a ƙarƙashin kalma ɗaya, wadda masu fassara a gidajen rediyo da jaridu suka saba mayarwa da "yawon buɗe ido". In an bi wannan fassara sai a ce "yawon buɗe ido na neman lafiya", amma kunnen Bahaushe ba ya karɓar haka. Dalili kuwa yana cikin kalmar yawo. Yawo tafiya ce wadda babu tilas a cikinta, sau da yawa ma babu takamaiman wurin da aka nufa. Shi ya sa a ke cewa yawon shan iska, yawon duniya, yawon banza. Mutumin da aka kwantar bisa katifa a bayan a-kori-kura, matarsa na riƙe da kansa, babu mai cewa yawo ya tafi.

Hausa ba ta rasa sunayen tafiya ba. Akwai fatauci, da cin rani, da almajiranci, da ziyara, da ƙaura, da hajji, kowace an sa mata suna bisa ga abin da ya tayar da matafiyin. Ta mara lafiya ita ce tafiya neman magani, ko tafiya jinya. A zamanin nan wata magana ta ƙaru. In an ce "an fita da wane waje", ba a bukatar ƙarin bayani, kowa ya san jirgin sama aka sa shi zuwa Masar ko Indiya ko Ingila. Kishiyarta ita ce "an koma da shi gida", watau asibiti ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ko kuwa kuɗi sun ƙare, za a gwada na gida.

Kalmar jinya ta cancanci a tsaya a kanta, gama tana ɗauke da ma'ana biyu. In an ce wane yana jinya, shi ne a kwance. In an ce yana jinyar mahaifinsa, shi ne mai kula. Haka nan "mai jinya" ya kan zama ko wannan ko wancan, sai abin da ke kewaye da maganar ya warware. Harshen da kansa ya shaida cewa mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Wannan yana da muhimmanci ga mai lissafi, domin kowane gado ɗaya a asibiti bakuna biyu ko uku ne za su ci abinci a garin, ban da masu zuwa dubiya.

Tafiyar kuma ta girmi asibiti. Lafiya kalmar Larabci ce, asibiti da likita kuwa daga Ingilishi aka aro su, amma tun kafin a aro su akwai boka, da maɗori, da ungozoma, da malami mai rubutun sha. In maɗori ya yi suna a kan ɗauko masa mai karaya daga tafiyar kwana da kwanaki, a sauke shi a gidansa ko a maƙwabta har ƙashi ya kama. Da aka ce "likita bokan Turai", an sa sabon ne a gurbin da tsohon ya riga ya share.

3. Yadda abin ya zama ciniki a wasu ƙasashe

Cinikin nan kashi biyu ne. Na farko shi ne na ruwa. Sunan da Turawa ke kiran wuraren wankan magani da shi sunan wani ƙaramin gari ne a Beljiyam, watau Spa. A garin Bath na Ingila ruwa yana ɓuɓɓugowa da zafin digiri 46 a ma'aunin santigired, fiye da lita miliyan 1 kowace rana, kuma Rumawa sun gina wurin wanka a kansa tun ƙarni na 1 na Miladiyya. A ƙarni na 18 da na 19 sarakuna da attajiran Turai su kan tafi irin waɗannan garuruwa, kamar Baden-Baden a Jamus da Vichy a Faransa, su yi makonni suna shan ruwan suna wanka da shi bisa umurnin likita. Da jirgin ƙasa ya zo, masu matsakaicin hali suka bi sahu. A 2021 hukumar UNESCO ta sa garuruwa 11 na ƙasashe 7 cikin jerin wuraren tarihi na duniya saboda wannan al'ada.

Jamus ce ta fi kowa tsara abin. Tana da garuruwa fiye da 350 waɗanda hukuma ta amince da su a matsayin wuraren jinya da hutawa, baƙo kuma ya kan biya ɗan haraji na kowace ranar da ya kwana, da shi a ke gyara lambuna da hanyoyi. Amma ginshiƙin cinikin shi ne asusun inshora, wanda ƙasar ta kafa wa ma'aikata tun 1883, gama daga baya shi ya riƙa biya wa talaka kuɗin zaman. Da aka sake doka a 1996 aka rage kwanakin da asusun ke biya, a shekarar da ta biyo baya gidajen jinya da yawa suka rasa baƙi, ma'aikata suka rasa aiki, alhali ruwan yana nan yadda ya ke.

Kashi na biyu shi ne na asibiti. Bayan karyewar kuɗi da ta sami ƙasashen Asiya a 1997, manyan asibitocin kuɗi na Tailan suka juya ga neman baƙi daga waje. Indiya kuwa ta fito da biza ta musamman domin marasa lafiya a 2005, asibitocinta suka riƙa aika wakilai ƙasashen Afirka. Kashi na farko yana sayar da ruwa da hutu ga wanda ke kan ƙafarsa. Na biyu yana sayar da gwanintar likita ga wanda ke kwance. Ko wanne aka duba, abubuwa huɗu ne suka tsayar da shi: likitan da aka amince da shi, da hanya mai kyau, da masauki, da wanda zai biya.

4. Ruwan zafi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta

Bahaushe ba baƙo ba ne ga magani da ruwan zafi. A fahimtarsa ta gargajiya sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwo, maganinsa kuwa zafi: surace, da gashi, da wanka. Babban misali shi ne wankan jego, inda mai haihuwa ke wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, tana shan kunun kanwa, a wasu wurare kuma tana kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. A haihuwar fari ta kan tafi gidan iyayenta don wannan, watau ita ma tafiya ce ta neman lafiya, ga kuma kuɗin itace da ke cikinta. Sai dai ba kowane zafi ne magani ba. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, musamman Davidson da Parry, sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan ciwon zuciya da a ke gani ga masu jego a can yana da alaƙa da zafin nan da kanwar nan. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai son tallata wani ruwa da sunan magani ba tare da likita ya gwada ba.

Game da marmaro mai fito da ruwan zafi da kansa, wurare biyu ne suka yi suna kusa da ƙasar Hausa. Ɗaya shi ne Tafadek, cikin duwatsun Azbin a arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa su yi kwanaki suna wanka don ciwon gaɓoɓi da na fata. Ɗayan shi ne Wikki, cikin gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a Disamba 1962, ya zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kimanin lita miliyan 21 a rana, ya gangara kogin Gaji, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da ya ke zafin jikin mutum digiri 37 ne, a Hausa ruwan ɗumi za a kira shi, ba ruwan zafi ba. Masu zuwa don iyo da hutawa da kallon giwaye su ke zuwa, ba a tsara wurin domin jinya ba.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba ta yi suna da irin wannan marmaro ba. Abin da ya haɗa ta da Wikki hanya ce. Wanda ya tashi daga Kano za shi Bauchi ya kan bi ta Wudil, ya ratsa Birnin Kudu, ya karya a Babaldu ya nufi Ningi. Ya kan tsaya ya sha mai, ya yi salla, ya sayi tsire ko rake, ya wuce. Rabon garin daga cinikin ruwa bai wuce wannan ba. Rabonsa daga cinikin asibiti kuwa ya fi haka nesa.

5. Birnin Kudu, garin asibiti

Birnin Kudu tana kamar mil 80 kudu maso gabas da Kano. Tana cikin Jihar Kano har ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 300,000 a ƙaramar hukumarta, fiye da 270,000 kuma a ta Gwaram, wadda ke gabas da ita ta shiga cikin ƙasar Bauchi kamar harshe. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya. A shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta karɓi babban asibitin garin ta mai da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, a garin kuma akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha. Saboda haka nan ne mafuskantar marasa lafiya daga ƙauyukan Birnin Kudu, kamar Sundimina da Kantoga da Wurno, da na Gwaram, kamar Basirka da Fagam da Farin Dutse da Sara, har da maƙwabta na ƙasar Bauchi kamar Ningi da Warji.

Tafiyar hawa-hawa ce. Mutum ya kan fara da mai kemis na ƙauyensu ko mai maganin gargajiya. In abin ya ƙi, a kai shi ƙaramin asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi Birnin Kudu. In ya fi ƙarfin nan sai Kano: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko asibitin ƙashi na Dala, na 1959, ko asibitin ido na mishan, wanda ke aiki tun 1943. Mace mai yoyon fitsari a kan kai ta Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, ko Babbar Ruga a Katsina. Hawa na ƙarshe shi ne fita waje, wanda mutum ɗaya cikin dubbai ke kaiwa. Kowane hawa aka taka, kuɗi ya ƙara nisa da gida.

Wanda ya tsaya a ƙofar babban asibiti irin wannan zai ga kasuwa wadda ba a sa mata rana ba, gama kullum ci ta ke. Ga kantunan magani, ga masu shayi da masu tuwo, ga masu sayar da bokiti da buta da tabarma da ruwan leda, ga 'yan acaɓa, ga masu cajin waya da masu ciro wa mutane kuɗi da na'ura. A cikin gari kuwa akwai masu gidajen haya da ma'aikata da ɗalibai ke zaune a ciki, da magina, da teloli, da mahauta. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne albashin ma'aikatan cibiyar daga baitulmalin tarayya ya ke fitowa, ya faɗo cikin garin kowane wata, ko an yi damina mai kyau ko ba a yi ba. Ga ɗan garin, asibiti masana'anta ce. Tambayar ita ce ko haka ya ke ga ƙasa baki ɗaya.

6. Kuɗi iri uku

Iri na farko shi ne kuɗin da ke zagawa cikin gida. A ɗauki misalin manomi a ƙasar Fagam wanda matarsa ta yi doguwar naƙuda. Zai kai rago ko buhun riɗi kasuwar Sara ya sayar a kan abin da aka taya, don ba shi da halin jira. Ya biya mota, ya sayi magani da jini da abinci, ya ciyar da mai jinya. Kuɗin sun bar Gwaram sun shiga Birnin Kudu, Nijeriya kuwa ba ta ƙaru da kwabo ba, hannun hagu ne ya ba hannun dama. In abin da aka sayar san huɗa ne, ko kuwa ciwon ya faɗo lokacin noman fari gona ta cika da ciyawa, to ƙasa ma raguwa ta yi, domin amfanin baɗi ya ragu. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane ya ke fita kai tsaye, irin wannan sayar da rago kuwa shi ne ma'anar lissafin. Ribar ƙasa a nan tana cikin warkewa: matar ta tashi, ɗan ya rayu, maigida ya koma gona. Yawan abin da aka kashe ba shi ne ma'auni ba, gwargwadon ƙanƙantarsa ma gwargwadon alherinsa.

Iri na biyu shi ne kuɗin da ke fita. Kiyasin da jami'an gwamnati suka sha ambata shi ne kimanin dala biliyan 1 a shekara. Wannan hasara ce tsantsa ga lissafin ƙasa, domin asibitin Alƙahira ko na Landan ba ya karɓar naira, sai an ɗebi kuɗin waje da aka samu daga sayar da man fetur an biya. Shugabanni sun nuna hanyar. An kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda a Nuwamba 2009, bai dawo ba sai Fabrairu 2010. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017. Ba don rashin doka ba ne: sashe na 46 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a kai ma'aikacin gwamnati waje da kuɗin jama'a sai kwamitin likitoci ya ba da shawara kuma an amince. Tun a Afrilu 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta kai ga wannan ba. Bayan marasa lafiya, likitocin da ƙasa ta yi wa ɗawainiyar karatu su ma suna fita zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka, hasarar ta zama biyu. Da aka saki farashin naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, mutane da yawa da a da za su iya fita suka koma neman magani a gida. Wannan ya ba asibitocin gida dama, in sun iya riƙe ta.

Iri na uku shi ne kuɗin da ke shigowa, shi ne kuwa daidai da gyaɗar da a da a ke lodawa zuwa Ikko, sai dai a nan mai saye ne ke zuwa da ƙafarsa. Mutanen Nijar da Cadi da Kamaru su kan zo asibitocin Arewa, musamman na Kano, da sefarsu. Jigawa tana da iyaka da Nijar ta wajen Maigatari, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya kuma ba ta yanke ba. Tafiyar ta kan juya, gama 'yan Nijeriya ma suna ƙetarawa asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Irin wannan ciniki yana da rauni ga siyasa: bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024.

Daga nan za a ga cewa hanyoyin da ƙasa ke ƙaruwa biyu ne ta fuskar kuɗi: baƙo ya zo, ko kuwa ɗan ƙasa da zai fita ya fasa. Dala ɗaya da aka hana fita daidai ta ke da dala ɗaya da aka shigo da ita, kuma hana ta fita ya fi sauƙi, domin wanda za a shawo kansa yana nan a gida.

7. Abin da ƙasar ta ke da shi, da abin da ya kamata ya gabata

Birnin Kudu tana da abin nuna wa baƙo mai lafiya. A duwatsun da ke kewaye da garin, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai tsofaffin zane-zane, mafi yawansu na shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a ƙasar yanzu. A nan ne kuma Bernard Fagg, na ma'aikatar kayayyakin tarihi, ya lura a 1955 da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa in an buga su, ya buga bayaninsu a mujallar Man a 1956, daga baya aka gano irinsu a wurare da yawa na Afirka. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da su. In da akwai masauki mai tsabta da ɗan jagora mai ilmi, mai zuwa Yankari zai iya kwana ɗaya a garin maimakon tsayawar shan mai. Wannan shi ne yawon buɗe ido na ainihi, kuma ya dace a neme shi da sunansa.

Amma gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. In an auna abubuwan nan huɗu da aka ambata a baya da halin gundumomin biyu, za a ga inda aikin ya ke. Game da hanya, ruwa ya kan yanke ƙauyuka da damina. A Agusta 2021 ambaliya ta karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa aka yi hasarar rayuka. Mai naƙuda da ke bayan irin wannan gada ba ta da asibiti, ko da an cika shi da na'urori. Game da masauki, masu jinya a asibitocin Arewa galibi a baranda da gindin itatuwa su ke kwana. Ɗakin kwana mai ruwa da makewayi da wurin girki ba ya bukatar kuɗin waje, kuma irin aikin da wakafi da ƙungiyoyin gari za su iya ne. Game da mai biya, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, sai dai manomin da ba shi da albashi sai an nemo yadda zai biya da kaka, sa'ad da ya ke da abin hannu. Game da likita kuwa, ba a riƙe gwani a ƙaramin gari sai da wuta da ruwa da kayan aiki da makarantar 'ya'yansa.

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Asibitin da mutanen garinsa suka yarda da shi, har attajirinsu da hakiminsu suka kwanta a ciki, shi ne wanda labarinsa zai kai Damagaram ba tare da an buga talla ba, kamar yadda sunan maɗori ya ke yaɗuwa daga bakin wanda ya tashi ya taka.

8. Abin da ya shafi malamai

Abu biyu ne ke hannun masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai. Na farko shi ne daidaita kalmomi. Ya kamata a bar "yawon buɗe ido" ga mai zuwa Yankari ko Dutsen Mesa, a riƙe "tafiya neman magani" ga mai zuwa asibiti, a ce "wankan magani" ga irin na Tafadek da Baden-Baden. In littafin makaranta ya cuɗe su, ɗalibi zai tashi yana zaton cikar asibiti da marasa lafiya alamar ci gaba ce.

Na biyu shi ne tattara bayani. Ɗaliban da suka fito daga waɗannan gundumomi za su iya yin amfani da hutu su tambayi gidaje goma goma a ƙauyukansu: wa ya yi tafiya neman magani a bana, ina aka kai shi, mutum nawa suka raka shi, kwana nawa aka yi, me aka sayar ko aka jinginar. Su kuma rubuta sunayen cututtuka da na magunguna yadda a ke faɗinsu a can, gama Hausar wannan yanki ta zauna da Fulatanci da Warjanci, ƙamus kuwa zai ƙaru da ita. In an haɗa amsoshin ƙauye ashirin, za a san ragon da aka sayar a Sara nawa ne daga kuɗinsa ya tsaya a Birnin Kudu, nawa ya wuce Kano, nawa ya bar ƙasar da sunan kuɗin magungunan da a ke sayowa daga waje.